Tambayoyi da Amsoshi kan Matattarar Haihuwar Zakin Teku a Tsibiran Arewa

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a bakin ɗalibai da malaman ilimin halittu, da kuma mutanen da suka ga hoton wani tsibiri mai duwatsu cike maƙil da manyan dabbobi, suka so su san abin da ya tara su a wurin. Zakin teku iri-iri ne, amma bayanin nan ya tsaya a kan wanda ake kira zakin teku na Steller, domin shi ne yake haihuwa a tsibiran arewacin Tekun Fasifik, daga gabashin Rasha zuwa Alaska da Kanada.

Mene ne zakin teku, kifi ne ko dabba?

Dabba ce mai shayarwa, mai shaƙar iska da huhu, wadda take neman abincinta a cikin teku amma take fitowa tudu domin hutawa da haihuwa. Ƙafafunta huɗu sun zama kamar filafilai: da na gaba take iyo, na baya kuma tana iya lanƙwasa su ƙarƙashin jikinta ta taka ƙasa, har ta hau dutse mai gangara. Wannan, da ɗan ƙaramin kunnen da ake gani a waje, su ne suka raba ta da danginta da ake kira sil, wanda ba shi da kunnen waje, kuma jan ciki yake yi idan ya fito tudu.

Na Steller shi ne mafi girma a cikin zakunan teku. Toro yakan kai tsawon mita 3 da ɗoriya, nauyinsa kuma yakan haura kilo 1,000, alhali mace ba ta cika wuce kilo 350 ba. Wuyan toro da ƙirjinsa suna da kauri da gashi mai kaushi kamar geza, kuma muryarsa ruri ce mai zurfi. Geza da ruri su suka jawo masa sunan zaki. Mace takan rayu har shekara 30, namiji kuwa da wuya ya wuce 20.

Shin dangin ayu ne, ko na karen ruwa?

Ba dangin ayu ba ne. Ayun da masunta suka sani a kogin Binuwai da na Neja ciyawa yake ci, a ruwa yake haihuwa, kuma ba ya fitowa tudu. Zakin teku nama yake ci, kuma a jerin dangantakar dabbobi ya fi kusa da karen ruwa nesa ba kusa ba. Sai dai akwai wata alaƙa ta tarihi da ayu, wadda aka kawo a amsa ta gaba.

Wane ne Steller da ake jingina masa sunan?

Georg Wilhelm Steller Bajamushe ne masanin halittu, wanda ya bi jirgin ruwan kyaftin Vitus Bering a tafiyar binciken da daular Rasha ta shirya zuwa gaɓar Alaska a 1741. A hanyar komawa, cikin Nuwamba na wannan shekara, jirgin ya farfashe a wani tsibiri da ba kowa a cikinsa, wanda yanzu ake kira tsibirin Bering. Bering ya rasu a can a watan Disamba. Waɗanda suka tsira sun kwashe hunturu a ramukan da suka haƙa, suna cin naman dabbobin teku, har suka harhaɗa ƙaramin jirgi daga katakon tsohon suka isa Kamchatka a Agustan 1742.

A cikin wannan hali na yunwa da cuta Steller ya zauna yana kallon dabbobin tsibirin yana rubuta abin da ya gani, kuma an buga bayanansa a 1751, bayan rasuwarsa. Cikin dabbobin da ya siffanta har da wani ƙaton ɗan'uwan ayu mai cin ciyawar teku, wanda mafarauta suka ƙarar da shi kakaf zuwa 1768, shekara 27 kacal bayan Turawa sun fara ganinsa. Duk mai nazarin zakin teku a yau ya san wannan labari, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa ba a ɗaukar raguwar dabba a wannan yanki da wasa.

A ina matattarar haihuwar suke, kuma mene ne bambancinsu da wuraren hutawa?

Matattarar haihuwa wuri ne da dabbobin suke komawa kowace shekara domin haihuwa da barbara, daga Mayu zuwa Yuli. Wurin hutawa kuwa duk wani dutse ne ko gaɓa da suke hawa su sha iska a kowane lokaci na shekara, kuma a nan samari da tsofaffin torayen da ba su samu fili ba suke taruwa. Wuraren hutawa sun kai ɗaruruwa, amma matattarar haihuwa 'yan gomomi ne kawai a duk duniya, kuma galibin mata suna komawa ne inda aka haife su ko kusa da nan.

A Rasha akwai su a tsibiran Kuril, irin su Raikoke da Lovushki da Brat Chirpoev, da tsibirin Tyuleny kusa da Sakhalin, da tsibirin Iony da tsibiran Yamsky a Tekun Okhotsk, da tsibirin Medny a rukunin Commander. Daga nan sai jerin tsibiran Aleutian, wanda ya miƙe kimanin kilomita 1,900, inda ake samunsu tun daga Attu da Agattu a ƙarshen yamma har zuwa Ugamak a gabas. A mashigin Alaska akwai Marmot da Sugarloaf, a kudu maso gabashin Alaska akwai Forrester da Hazy, a Kanada akwai tsibirin Triangle. Matattara mafi kudu ita ce ta tsibirin Año Nuevo a Kalifoniya. Babu zakin teku ko ɗaya a arewacin Tekun Atilantika.

Me ya sa suke zaɓar tsibirai masu nisa da wuyar isa?

Jaririn zakin teku ba ya iya iyo sosai idan an haife shi, kuma ba shi da kitsen da zai kare shi daga sanyin ruwan arewa, don haka dole ne a haife shi a tudu ya yi makonni a can. Uwarsa kuma dole ta bar shi ta shiga teku ta ci, in ba haka ba nono zai ƙafe. Wurin da zai dace da su biyun sai ya cika sharaɗi biyu: babu manyan maharan tudu irin su kyarkeci da beyar, kuma akwai kifi a kusa, yadda uwa za ta je ta dawo kafin yunwa ta galabaitar da ɗanta. Tsibiran Aleutian sun cika duka biyun, domin ruwan Fasifik da na Tekun Bering suna gauraya da ƙarfi a mashigan da ke tsakaninsu, abin da yake taso da abinci daga ƙasan teku ya tara kifi.

Wannan shi ne jigon al'amarin gaba ɗaya. Dabbar da take yawon dubban kilomitoci a teku, makomar zuriyarta ta rataya a kan 'yan duwatsu ƙalilan da 'yan makonni ƙalilan, da kuma kifin da uwa mai shayarwa za ta iya kaiwa gare shi a dare ɗaya. Kusan duk dokokin da aka kafa, waɗanda aka yi bayaninsu a amsar da ke kan kamun kifi, daga wannan fahimta suka samo tushe.

Yaya toraye suke raba fili a tsakaninsu?

Toraye ne suke fara isowa, a cikin Mayu, da ƙiba iyakar ƙiba. Kowanne yakan kama wani yanki na gaɓa, iyakarsa sau da yawa wata tsaga ce a dutse ko wani tudu, ya tsare shi da ruri da huci da kai farmaki. Faɗa na gaske, wanda ake cizo har jini ya zuba, ya fi yawa a farkon lokacin haihuwa. Da zarar maƙwabta sun san juna, sai abin ya koma barazana a bakin iyaka, kowa ya faɗi a kan ƙirjinsa ya miƙa wuya, sannan ya ja da baya. Toro yakan tsaya a filinsa har kusan wata biyu ba ci, yana rayuwa da kitsen jikinsa, domin in ya tafi neman abinci wani zai gaje wurin. Filin da ya taɓa ruwa yana da daraja ta musamman, saboda mai shi yana iya jiƙa jikinsa idan rana ta yi zafi ba tare da ya bar iyakarsa ba.

Namiji yakan balaga tun yana shekara 3 zuwa 8, amma ba ya samun girman da zai riƙe fili sai ya kai shekara 9 ko fiye, kuma 'yan shekaru kaɗan yake yi yana riƙewa. Toro fili yake tsarewa, matan kuwa suna ratsa iyakoki yadda suka ga dama, suna neman inda ya fi musu daɗin zama.

Yaushe mata suke haihuwa, kuma me ya sa haihuwar take zuwa lokaci ɗaya kowace shekara?

Mata suna isowa daga ƙarshen Mayu, kowacce ta haifi ɗa guda 'yan kwanaki bayan isowarta, kuma haihuwa ta fi yawa a tsakiyar Yuni. Jariri yakan zo da nauyin kilo 16 zuwa 23, da gashi mai duhu kusan baƙi. Uwa takan zauna tare da shi kimanin kwana tara ba ta shiga ruwa, sannan ta fara fita neman abinci, yawanci da dare, ta dawo ta shayar. Kusan mako biyu bayan haihuwa ake yi mata barbara.

Cikin zakin teku na wata tara ne a zahiri, amma tsakanin barbara da haihuwa shekara guda ce. Abin da yake cike giɓin shi ne, ƙwan da ya haɗu da maniyyi yakan tsaya cik a mahaifa ba ya girma har wajen Oktoba, sannan ya manne ya fara girma. Ta haka haihuwa da barbara suke faɗowa a taro ɗaya, a lokacin da yanayi ya fi sauƙi. Illarsa ita ce, mace takan shiga hunturu tana shayar da ɗan bana tana ɗauke da cikin na baɗi, kuma idan abinci ya yi ƙaranci, cikin ne yake fara zubewa. Yaye yakan zo ne kafin ɗa ya cika shekara, ko da yake wasu suna shan nono har shekara biyu ko uku.

Ta yaya uwa take gane ɗanta a cikin dubbai?

Da murya da ƙamshi. Tun a sa'o'in farko bayan haihuwa, yayin da tsuntsayen teku da hankaki suke rububin mabiyiya a gefe, uwa da ɗa suna ta kiran juna suna shinshinar hancin juna, har kowanne ya haddace ɗan'uwansa. Idan ta dawo daga teku da asuba, takan hau dutse jikinta yana ɗigar ruwa, ta ɗaga kai ta yi kira mai tsawo. Jarirai da dama sukan amsa da kuka mai kama da na ɗan tunkiya, wasu ma su rarrafo wurinta saboda yunwa. Sai ta sunkuya ta shinshina kowanne. Wanda ba nata ba takan ture shi, wani lokaci ta ɗauke shi da baki ta jefar. Nata kuwa ta ja shi gefe ta kwanta masa. Shi ya sa jaririn da ya rabu da uwarsa a kwanakin farko, kafin su san juna sosai, da wuya ya rayu.

Me yake kashe jarirai a matattara?

Babban abu shi ne taguwar ruwa. Guguwa ɗaya a watan Yuni tana iya share jarirai daga kan duwatsu masu ƙasa-ƙasa tun kafin su iya iyo, domin sai sun yi kusan wata guda suke fara shiga ruwa da ƙarfinsu. Akwai kuma tattakewa, lokacin da toro mai nauyin tan guda ya taso wa abokin hamayya ba ya duban abin da ke gabansa. Firgita ma tana kisa: jirgin ruwa da ya matso, ko jirgin sama da ya yi ƙasa-ƙasa, ko mutum da ya bayyana a kan tudu, yana iya sa manya su ruga ruwa gaba ɗaya, su bi ta kan jarirai, wasu iyaye kuma su kasa gano nasu daga baya.

Yawancin tsibiran nan duwatsu ne masu aman wuta. A ranar 7 ga Agusta 2008 tsibirin Kasatochi ya yi aman da ya binne shi da toka, ma'aikatan kula da namun daji biyu da ke can suka tsira da kyar a jirgin masunta. Zakunan teku sun dawo tsibirin daga baya. Raikoke kuwa ya yi nasa aman a Yunin 2019, a tsakiyar lokacin haihuwa.

Me suke ci?

Kifi iri-iri da dangin dorinar teku mai hannuwa takwas. A mashigin Alaska da Tekun Bering kifin pollock ne ya fi yawa a abincinsu, a tsakiya da yammacin Aleutian kuma kifin Atka mackerel, sai cod da herring da salmon da ƙananan kifaye masu maiƙo gwargwadon lokaci. Suna iya nitsewa fiye da mita 400, amma mace mai shayarwa a lokacin bazara ba ta cika yin nisa ko zurfi ba. Masu bincike suna sanin abin da aka ci ta hanyar tsintar kashi a kan duwatsu, su wanke shi a rariya, su tantance ƙasusuwan kifin da suka rage.

Gaskiya ne suna ƙarewa?

Amsar ta danganta da wurin da ake magana. Hukumomin Amurka sun raba su gida biyu a layin digiri 144 na yamma, kusa da Cape Suckling a gaɓar Alaska, bisa bambancin ƙwayoyin gado. Na yamma da layin, a Alaska, an ƙiyasta su tsakanin 220,000 da 265,000 a ƙarshen shekarun 1970, amma zuwa shekarar 2000 ba su kai 50,000 ba. A ƙarshen shekarun 1980 raguwar ta kai kusan kashi 15 cikin ɗari a shekara. Tsibirin Marmot, wanda a da yake cikin manyan matattara na duniya, an ƙirga jarirai sama da 6,700 a cikinsa a 1979, amma a 1994 kimanin 800 aka samu. A 1990 aka sa nau'in duka a jerin dabbobin da ke fuskantar barazana, a 1997 kuma aka ɗaga na yamma zuwa matakin masu haɗarin ƙarewa.

Na gabas labarinsu daban ne. Daga kimanin 18,000 a 1979 sun haura 70,000 a 2010, har aka cire su daga jerin a 2013. Sababbin matattara sun buɗe a Hazy da White Sisters da Graves Rock, kuma binciken gado ya nuna wasu matan da suke haihuwa a biyun ƙarshe daga yamma suka ƙaura. Na yamma ma sun fara farfaɗowa a hankali tun farkon shekarun 2000, ban da ƙarshen yammacin Aleutian, inda raguwar ta haura kashi 90 cikin ɗari. Ɗumamar ruwa ta 2014 zuwa 2016 ta kuma rage yawan jarirai a mashigin Alaska.

Me ya jawo raguwar ta yamma?

A nan masana suka fi saɓani, kuma bayanin farko shi ne yunwa. Dabbobin da aka auna a shekarun 1980 sun fi na shekarun 1970 ƙanƙanta ko da shekarun haihuwarsu ɗaya ne, abin da yake nuna abinci bai ishe su ba. Wasu sun ɗora laifin a kan manyan jiragen kamun kifi masu jan taru, waɗanda suka bunƙasa a daidai wannan lokaci suna kwasar pollock, kifin da ake kama fiye da tan miliyan guda nasa a shekara a Tekun Bering. Wasu kuma sun ce yanayin tekun ne ya juya a 1976 zuwa 1977, ruwa ya ɗumama, kifaye masu maiƙo suka ragu, pollock marar maiƙo ya yawaita. Gwajin da David Rosen da Andrew Trites suka yi a Vancouver ya nuna matasan zakunan teku da aka ciyar da pollock zalla sun rame, domin cikinsu yakan cika kafin su samu ƙarfin da jikinsu yake bukata.

Bayani na biyu shi ne kisa kai tsaye. Tsakanin 1963 da 1972 an kashe jarirai kimanin 45,000 a matattarar Alaska domin fatunsu. Dubbai sun mutu a cikin taru, kuma har zuwa 1990 masunci yana da damar harbin wanda ya matso kusa da kayan aikinsa. Sai kuma orka, babbar dabbar nan mai launin baƙi da fari, wadda wani reshe nata dabbobi masu shayarwa kawai yake ci. A 1992 an buɗe cikin wata orka da ta mutu a yankin Prince William Sound na Alaska aka tarar da alamu 14 irin waɗanda masu bincike suke maƙala wa jariran zakin teku. Na'urorin da aka dasa a cikin matasa daga baya sun nuna cewa maharan teku ne suke kashe mafi yawan waɗanda suka mutu a cikinsu, har da wani kifin shak na ruwa mai zurfi. A yammacin Aleutian kuma an samu sinadarin makuri mai guba da yawa a gashin jarirai.

Kwamitin masana na ƙasar Amurka da ya duba lamarin ya fitar da rahoto a farkon shekarun 2000, inda ya karkata ga cewa yunwa ta fi tasiri a shekarun 1980, kisa da farauta kuma suka fi tasiri bayan nan. Wannan ne ra'ayin da ya fi kama hankali, domin asarar da orka take yi wa garke mai dabba 250,000 ba za ta girgiza shi ba, amma asarar nan ɗaya tana iya hana garke mai 40,000 ɗagowa. Wanda ya nace sai ya samu mai laifi guda ɗaya zai rasa fahimtar yadda musabbabai suka yi ta karɓar juna.

Ta yaya ake ƙirga su a wuraren da ba kowa?

Ana ƙirgar ne a ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, lokacin da kusan duk jarirai an haife su amma ba su fara shiga ruwa ba. Adadin jarirai shi ne ma'auni mafi inganci, domin manya kullum wasunsu suna teku. A da mutane ne suke sauka su kori manya su ƙirga jarirai da ido, hanyar da take firgita matattara. Yanzu jirgin sama ne yake ɗaukar hotuna daga sama, a ƙirga a kwamfuta. A yammacin Aleutian hazo yakan rufe tsibirai kwana da kwanaki, filayen saukar jirgi kuma sun yi ƙaranci, Attu ma ba mazauna tun 2010, don haka tun 2014 ake tafiya da jirgin ruwa a tashi ƙananan jirage marasa matuƙi daga kusa. An kuma kafa kyamarori a kan duwatsu suna ɗaukar hoto duk shekara, kuma a 2017 hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi a Amurka ta buɗe shirin Steller Watch, inda masu sa kai daga ko'ina suka taya ta tace dubban ɗaruruwan hotuna ta intanet domin gano dabbobin da aka yi wa shaida da lalas.

Me ya sa ake yi wa jarirai lalas, kuma ba zalunci ba ne?

Ƙirga tana faɗin yawan da suka rage, amma ba ta faɗin ko matasa ne suke mutuwa ko mata ne suka daina haihuwa. Sanin wannan sai an bi dabba ɗaya tsawon rayuwarta, alamar roba kuma takan faɗi. Shi ya sa ake kama jariri mai 'yan makonni, a sa masa abin shaƙa ya yi barci, a auna shi, a ɗora masa ƙarfe mai zafi a gefen hagu na 'yan daƙiƙoƙi, kamar yadda makiyaya suke yi wa raƙumi shaida. Shaidar harafi ce da lamba: harafin yana nuna tsibirin haihuwa, misali F na Forrester, T na Marmot. Tana girma tare da dabbar, ana iya karanta ta da madubin hangen nesa bayan shekara goma sha.

Ƙorafin masu kare haƙƙin dabbobi yana da tushe, domin akwai zafi kuma akwai tayar da matattara a ranar aikin. A 2006 wata kotun tarayya a Amurka ta dakatar da izinin irin waɗannan bincike har sai an yi cikakken nazarin illarsu. Bibiyar da aka yi a rukunin Forrester ta nuna bambancin rayuwa tsakanin masu shaida da marasa ita ƙarami ne. Aikin yana da hujja matuƙar an taƙaita yawan jariran, kuma an tanadi kuɗin bibiyarsu shekara da shekaru. Lalas da ba a bibiya ba wahala ce kawai aka ba dabba.

Waɗanne dokoki ne suke kare matattarar daga kamun kifi?

Tun 1990 aka hana jiragen ruwa matsawa ƙasa da mil 3 na teku daga manyan matattarar yamma. A 1993 aka ayyana mil 20 kewaye da su a matsayin muhalli mai muhimmanci, bisa nisan da uwa mai shayarwa take zuwa, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ke kan zaɓen tsibirai. A shekarar 2000, bayan ƙarar da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace da abokanta suka shigar, alƙali Thomas Zilly na Seattle ya dakatar da jan taru a cikin wannan muhalli na wani lokaci. A 2011 aka rufe kamun Atka mackerel da cod a yammacin Aleutian, a 2015 kuma aka sassauta. Garuruwa irin su Kodiak da Dutch Harbor da Adak da kifi suke rayuwa, kuma kukansu na cewa ana rufe musu ruwa ba tare da tabbatacciyar hujja ba kuka ne na gaske. Duk da haka, inda dabba ta ragu da kashi 90 cikin ɗari, barin kifi a kusa da matattara shi ne abu ɗaya da yake hannun mutum, tun da ba shi da iko a kan orka ko zafin teku.

A Kanada an kashe kimanin 55,000 tsakanin 1913 da 1968 da sunan kare kifin salmon, kafin a ba su kariya a 1970. A Hokkaido ta Japan, inda ake kiransu todo, suna zuwa da hunturu suna yayyaga taru, kuma gwamnati tana ba da izinin kashe wani adadi kowace shekara.

Shin mutanen asalin yankin suna farautarsu har yanzu?

Suna yi, kuma dokar Amurka ta kare dabbobin teku ta 1972 ta ba su wannan dama domin ci da sana'ar hannu. Mutanen Unangan na Aleutian da Alutiiq na Kodiak sun shafe dubban shekaru suna rayuwa da wannan dabba, ba sa yar da komai nata: fata ta rufe kwalekwale, hanji a wanke a busar a ɗinka rigar da ruwa ba ya ratsawa, tumbi ya zama salkar ajiye mai, fatar ƙafa ta zama tafin takalmi, gashin baki kuma a ƙawata hular katako ta mafarauci da shi. Abin da suke ɗauka a yau kaɗan ne, kuma ƙungiyoyinsu suna aiki tare da hukuma wajen lissafinsa.

Su ne dabbobin da suke cika tsibiran Pribilof na Tekun Bering?

Waɗancan wani nau'i ne na kusa, mai laushin gashi, wanda toronsa ba ya wuce kilo 270. Suna taruwa dubbai ɗaruruwa a St. Paul da St. George, uwa takan yi mako guda ko fiye a teku kafin ta dawo, ta yaye ɗanta a wata huɗu. Saboda gashinsu aka yi ta kashe su har Amurka da Rasha da Japan da Birtaniya suka ƙulla yarjejeniyar 1911. A wasu tsibirai, irin su Bogoslof da Medny da Tyuleny, nau'o'in biyu suna haihuwa kusa da juna.

Mutum zai iya zuwa ya gani da idonsa?

Matattarar haihuwa ta yamma a rufe suke ga kowa sai mai izinin bincike, saboda dalilin da aka kawo a amsar da ke kan mutuwar jarirai. Wuraren hutawa kuwa ana ganinsu daga jiragen yawon buɗe ido a Kenai Fjords da Glacier Bay, kuma a tashar jiragen Kodiak ana ganin toraye kwance a kan wani dandamali da aka ware musu. Ƙa'idar da ake bi a Alaska ita ce a tsaya aƙalla yadi 100 daga gare su, a rage gudun jirgi da hayaniya, kuma idan dabbobin suka fara ɗaga kai gaba ɗaya suna kallon jirgin, to an riga an matso da yawa, sai a ja baya.